Jarkar da Na Kai Masar

Wautar da na fara tafkawa a wannan tafiya ita ce jarka. Sabuwa fil, ruwan ɗorawa, irin ta man gyaɗa. A kasuwar Sabon Gari na saye ta, na wanke ta har ta fi goshina ƙyalli. Da ta ƙi shiga akwati, sai na zaro ƙunshin kilishin da Baba ya ba ni in kai wa Yaya Bilki, na ci iya cina, yaran layinmu suka ƙarasa sauran, na cusa jarka a gurbinsa. Har yau in aka ambaci kilishi a gabanta sai ta harare ni.

Ga dalilin jarkar. Inna tana kiwon agwagi a bayan gidanmu a Fagge, kuma irin nasu tun daga hannun kakarmu ya taho. Shugabansu wani toro ne da na raɗa wa suna Kansila, don shi ke fara cin dusa, shi ke ƙarasa ta, sannan ya zagaya tsakar gida yana gyaɗa kai kamar ya yi wa jama'a aiki. Mama Nkechi, mai gidan abinci a Sabon Gari, ita ce babbar mai sayen agwagin Inna, musamman in Kirsimeti ta matso.

Da damina sai wata cuta ta shigo musu. Agwagwa za ta fara hawaye da majina, ta yi zawo kore, wuyanta ya murɗe, daga nan ta faɗi rigingine tana tuƙa keke da ƙafafu a sama. A layinmu kowa ya san abin da ake yi: a tsayar da mai tallan magani, a sayi kafso ja da rawaya, a fasa a ruwan sha, da zarar ta miƙe a daina. Haka muka taso muka tarar, kuma da yana ci. A wannan karon agwagin suka yi ta shan kafso kamar kunun zaƙi, suna ci gaba da mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

Yaya Bilki kuwa likitar dabbobi ce, tana karatun digiri na uku a Masar, kuma aikinta ke nan, neman sabon maganin cututtukan agwagi da suka daina jin magani. Mai karatu zai ce to Inna ta ɗaga waya ta tambaye ta mana. Ai Yaya 'yar fari ce. Inna ba ta faɗin sunanta, ba ta doguwar magana da ita. In ta kira, Inna takan ce, "Lafiya lau, ga ƙaninki," ta miƙo mini wayar kamar ta ɗauki garwashi. Don haka da Baba ya gaji da yadda nake korar masa masu sayen shadda da surutu a shagonsa na kasuwar Kwari, ya ce kafin sakamakon jarrabawata ya fito in je wajen Yaya in koyo Larabci, sai Inna ta ja ni bayan akurki.

Ta ce, "Auta, an ce waccan tana haɗa sabon magani. Ka ɗebo mini. Kar irin nan ya ƙare a hannuna."

Na ce, "Inna, ko a ƙasan teku suka ajiye shi sai na kwaso."

A filin jirgin Alƙahira wani jami'i mai gashin baki kamar tsintsiyar laushi ya buɗe akwatina. Ya ɗaga jarkar, ya girgiza, ya buɗe ya shinshina, ya leƙa da ido ɗaya. Ya tambaye ni ta mece ce. Na tattaro duk Larabcin Islamiyya da ke kaina na yi masa bayanin agwagin mahaifiyata. Sai ya kira abokan aikinsa ya ce in sake daga farko. Ashe Larabcin da na iya, a kunnensu, irin na liman ne a kan mumbari. Ni ina ba da labarin zawon agwagwa, su suna jin huɗubar Juma'a. Suka yi dariya har ɗaya ya dafa bango, suka rufe mini akwati suka ce in wuce.

Yaya ba ta sami zuwa tarbata ba, ta dai yi mini kwatance a waya: in hau bas zuwa tashar jirgin ƙasa, kar in kula kowa. Ina fitowa wani mutum ya rungume akwatina, ya ce shi duk ɗan Najeriya ɗan'uwansa ne, ga tasi nan, bas ta masu wahala ce. Ni ɗan Fagge, mai taƙamar ba a yi mini wayo, na shige na harɗe. Muka yi ta tafiya. Akwai wani mai sayar da lemo a bakin wata gada, mun wuce shi har muka saba, na fara ɗaga masa hannu yana ɗago mini. Da muka isa tasha ɗan'uwan nawa ya karɓe kusan duk guzurina, ya kuma yi mini addu'ar sauka lafiya. Addu'ar kam na ji daɗinta, ita kaɗai ya ba ni kyauta.

Jirgin ƙasan bai yi kama da wanda muke leƙe a tasharmu ta Kano ba. Mutane ciki kamar an tura da taɓarya. Na samu gefen wani benci kusa da wata tsohuwa mai baƙaƙen kaya, tana riƙe da kwando a cinya. Can sai kwandon ya motsa, kan agwagwa ya leƙo. Tsohuwar ta kama bakinta, tana ɗura mata jiƙaƙƙen wake da yatsa, tana yi mata magana kamar jikarta. Agwagwar ta karkato kai ta dube ni da ido ɗaya, sak yadda Kansila ke yi in na zo hannu rabbana. Nan take na ji warin bayan gidanmu, na ji muryar Inna tana kiran su da safe. Tsohuwar ba ta tambaye ni komai ba. Ta yago burodi, ta ɗora cuku mai gishiri, ta danƙa mini a hannu, ta juya ta ci gaba da hira da agwagwarta. Idona ya kawo ruwa. Na ce gishirin ne, kuma har gobe a kan haka nake.

Garin da Yaya take ƙarami ne, gonaki da magudanan ruwa sun kewaye shi. Ta tarbe ni a tasha, ta dudduba ni sama da ƙasa ta ce na rame, alhali yini guda na yi a hanya. Muna shiga ɗaki ta ce, "Ina kilishina?"

Na buɗe akwati. Ta dubi jarka, ta dube ni.

"Wannan fa?"

"Ta maganin Inna ce. Ki cika mini, in ya ragu ki ƙara a gora."

Yaya ta zauna daɓas a ƙasa, ta yi dariya har da riƙe ciki. Da ta tuna kilishin kuma sai ta daina.

Da safe ina zuwa ajin Larabci, da rana in bi ta ɗakin bincike, don ta ce in ta bar ni ni kaɗai a gida zan sayar da maƙwabta. Sanyi ya fara shigowa, irin mai ratsa ƙashi. Abinci kuwa wake da safe, wake da rana, in an so canji a niƙa waken a soya. Na yi mafarkin tuwo da miyar kuka har na farka ina lasar hannu.

Shugabar ɗakin binciken, Dakta Samiha, gajeriyar mace ce mai tabarau a tsinin hanci. Yaya ta ba ta labarin jarka tun kafin in gama gaisuwa. Ba ta yi dariya sosai ba. Ta ce a sa mini farar riga da safar hannu, ta ce in zo in ga abokan gabar Innata. Ta ɗauko wani ɗan faranti mai murfi, a cikinsa wani abu kamar daskararren koko. An shafa ƙwayoyin cutar a kai, an jera ƙananan takardu zagayayyu, kowace da irin maganin da aka jiƙa ta da shi. Yaya ta fassara mini: in magani yana ci, za a ga fili tas ya zagaye takardarsa kamar zobe, cutar ba ta iya matsowa. Na duba. Babu zobe ko ɗaya. Ƙwayoyin sun bi ta kan komai sun shimfiɗa tabarma.

Yaya ta nuna mini ɗaya daga cikin takardun. "Ka ga wannan? Ɗan'uwan kafsonku ne ja da rawaya."

Na ce, "To ai da yana aiki."

"Da ɗin. Kuna ba da kaɗan, ku daina da wuri. Ragwayen cikinsu su mutu, ƙarfafan su rage su hayayyafa. Shekara da shekaru kuna yi musu atisaye, yanzu sun zama sojoji."

Wannan farantin daga gonar wani dattijo aka ɗauko shi, Ammu Sabri, wanda cutar ta kusa share masa garke. Su ma a can haka suke yi, sai dai nasu maganin gari ne a leda, ba kafso ba. Hakan ya ɗan sanyaya mini rai, ashe ba Fagge kaɗai ba ce.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne inda suke neman sabon maganin. Cikin taɓo. Yaya ta ce a cikin laka akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, kullum cikin yaƙi suke da junansu, kowace tana fitar da gubar da za ta kori maƙwabciyarta. Aikinsu shi ne su gano wadda gubarta ke kashe cutar agwagi, su tace ta, su gwada. Na ce indai taɓo ne, da sun zo kududdufin bayan unguwarmu, don na tabbata abin da ke rayuwa a cikinsa ko zaki ya gani sai ya ba shi hanya. Dakta Samiha ta ce za ta tuna da wannan.

Ran nan muka je ɗibar laka a bakin tafkin da ke kusa da gonar Ammu Sabri. Aka ce in tsaya a tudu in riƙe kwalabe. Na ga kamar lakar can gaba ta fi baƙi, na ce bari in nuna musu yadda ake yi. Taku na biyu na nutse har ƙugu, takalmina ɗaya yana can har yanzu yana bincike. Ammu Sabri ne ya jawo ni da sanda. Ya kai ni gida, matarsa ta ba ni shayi mai zaƙi kamar an narka rake, shi kuma ya ba ni jallabiyarsa, wadda ni da abokaina biyu za mu shiga mu bar wurin baƙo. Muna zaune a bakin garken da ya rage masa, ya nuna mini filin da agwagi suka taɓa cikawa, ya kifa tafin hannu. Ban buƙaci fassara ba. Haka Inna ke yi in ta dubi bayan gidanmu.

A hanyar komawa na ce wa Yaya ni dai a nuna mini maganin, in san girman abin da zan ɗauka. Washegari Dakta Samiha ta buɗe firiji, ta fito da wata 'yar kwalba da ba ta kai ƙaramin yatsana ba. A gindinta akwai ɗan gari fari, wanda in ka yi atishawa a kusa shi ke nan an koma farko.

Yaya ta ce, "Ga shi. Duk duniya iyakarsa ke nan."

Na dubi kwalbar, na tuna jarkata, na ji kamar in koma cikin lakar nan in zauna. Suka nuna mini farantin da aka gwada shi: zobe fes, mai faɗi, cutar Ammu Sabri ta ja da baya. Na ce to alhamdu lillahi, a ɗan sammini ko na kan tsinke ne, Kansila kaɗai zan ba.

"Akwai wanda ya riga wannan," in ji Yaya. "Zobensa ya fi wannan kyau. Da aka gwada shi ya kashe cutar, ya haɗa da hantar agwagin. Wannan sai an ga bai yi haka ba, an san yawan da za a bayar, an san yaushe yake fita daga nama da ƙwai kafin mutum ya ci. Ka ga kuwa ba bana ba."

"Baɗi?"

"Wataƙila sai ka yi gemu. Wataƙila kuma ya faɗi a hanya mu koma taɓo."

Ban gaya wa Inna ba. Duk kiran da ta yi sai in ce ana nan ana tacewa. Har ranar da ta kira da hantsi, ba ta ko tsaya dogon gaisuwa ba, ta ce, "Auta, Kansila ya fara hawaye. Ƙananan kuma sun kusa ƙarewa."

Na ruga na gaya wa Yaya. Ba ta ko ɗago daga abin da take aunawa ba. Ta ce, "Kai da ka ce mini Kansila ya kai rago girma, ya taɓa korar mai karɓar kuɗin wuta har bakin titi?"

"Wannan ɗin ma ya kusa zama gaskiya. Amma yanzu da gaske nake."

"Kullum da gaske kake."

Da rana aka kawo wake, na ture. Sai a nan ta ajiye cokali ta dube ni, don tunda aka haife ni ba a taɓa ganin na ture kwano ba. Ta ce in faɗa mata komai, ba ƙari. Na faɗa, kuma na sha wuya, don magana ba ƙari kamar miya ce ba gishiri.

Ta ce ba sabon magani Inna ke buƙata yau ba, farantin nan take buƙata. A ɗebi majinar agwagwa mai ciwo a gwada, a ga ko cikin tsofaffin magunguna akwai mai sauran zobe. Chidi, ɗan Mama Nkechi, yana aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje a Sabon Gari, zai iya. Kafin nan a daina kafso ɗungurungum, a ware marasa lafiya, a toshe hanyar kwata, a riƙa sauya ruwan sha kullum, wadda ta mutu a binne ta da zurfi.

Na kira Inna na zayyana mata. Ta saurara har ƙarshe ta ce, "A daina magani ana tsakiyar ciwo? Auta, wannan ƙirƙirarka ce."

"Wallahi Yaya ce ta faɗa. Ga ta nan, ki ji daga bakinta."

"A'a, bar ta, tana da aiki." Ta kashe.

Ga likita a gefena, ga mai agwagi a Fagge, ni ne gadar da ke tsakaninsu, kuma duk su biyun sun san gadar da rawa. Na zauna na yi tunani irin wanda ban taɓa yi wa jarrabawa ba. Sai na kira Mama Nkechi. A Kano aka haife ta, Hausarta ta fi tawa tsari. Ta ji bayanina ta ce, "Ka ce dai kunyar nan taku ce za ta kashe mini agwagin Kirsimeti. Bari in sa takalmi."

Ba a jima ba sai ga kiran bidiyo. Tsakar gidanmu, igiyar shanya, Chidi da safar hannu yana bin agwagwa, Mama Nkechi ta cika fuskar wayar.

Muna ji tana cewa, "Hajiya, ni tawa 'yar farin tun safe nake kwala mata kira har dare, ga ni ban mutu ba. Amma ba zan sa ki dole ba. Zan jingina wayar nan a kan turmi. Ke ki yi magana da turmi."

Ta jingina, ta ja gefe. Muka ga Inna ta ba da rabin baya, tana gyara bakin mayafi, tana kallon katanga. Can sai ta ce wa katangar, "A tambayi likita, in an daina kafson, me za su sha?"

Yaya ita ma ta kawar da kai, ta dubi firiji ta ce, "A gaya wa mai agwagi, ruwa mai tsabta kawai, har sakamako ya fito."

"A ce mata wanda wuyansa ya riga ya juya fa?"

"A ce mata a ware shi a inuwa, a sa masa ruwa kusa. Sauran na Allah ne."

Haka suka yi ta yi, katanga na tambaya, firiji na amsawa, har suka gama komai, har da yadda za a wanke akurki. Tunda nake ban taɓa jin sun yi magana mai tsawon wannan ba. Da za a kashe, Inna ta ce, "A ce wa likita ta riƙa sa rigar sanyi. Na ga ta rame." Yaya ta tashi ta shiga wajen wanke kwalabe, ta daɗe ba ta fito ba, alhali babu kwalba mai datti a ranar.

Kansila bai jira sakamako ba. Inna ta binne shi a gindin katanga. Da Chidi ya turo hoton farantin, duk takardun an bi ta kansu in ban da guda ɗaya, wadda ke da ɗan zobe. Wani tsohon magani ne na allura da masu talla ba sa yawo da shi. Yaya ta faɗi yadda za a yi, ta ce sai an kai ƙarshe ko da sun miƙe suna rawa, kuma ba sayarwa ba yankawa sai maganin ya fita daga jikinsu. Lissafin ya haye Kirsimeti. Mama Nkechi ta ce ba komai, bana masu cin abincinta za su koyi son kifi.

Na ƙarasa watannina. Larabcin da na samo bai kai na huɗuba ba, amma ya isa in yi ciniki da mai tasi har ya roƙe ni in sauka. Ranar da zan taho Ammu Sabri ya aiko mini da dabino, Dakta Samiha ta ce in an samu izinin hukuma za ta so ganin lakar kududdufin nan namu. Na so in cika jarka da ruwan Nilu in ce wa 'yan layinmu magani ne, Yaya ta ce in na kuskura ita da kanta za ta kira jami'in nan mai gashin baki.

Agwagin da suka tsira ba su kai rabi ba, amma iri bai ɓata ba. Na tarar da uwa ɗaya tana jan 'ya'ya a tsakar gida, cikinsu akwai wani mai ture 'yan'uwansa a bakin dusa, na san jinin wane ne. Inna ta daina tsayar da mai kafso. Duk Juma'a kuma tana jingina waya a kan turmi ta tambayi katanga labarin sanyi.

Sabon maganin yana can a firiji, ana kan gwaji, ni kuma gemu bai fito ba. Jarkar na dawo da ita yadda na tafi da ita. Inna ta juya ta, ta ƙwanƙwasa, ta sa wuƙa ta tsaga ta gida biyu. A ciki agwagin ke shan ruwa yanzu, kuma ni ke sauya shi kowace safiya.